Auna gubar ƙarfe a ruwa da haske: yadda ake haɗa na'urar da wuraren da take yin ƙarya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a lita guda ta ruwan sha, kuma adadin da ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ɗauka ke nan. Don a gane ƙanƙantarsa, a ɗauki tankar mai mai cin lita 33,000 a cika ta da ruwa. Kashi ɗaya cikin uku na giram na dalma ya isa ya kai ruwan nan duka bakin iyaka. Kadmiyam iyakarsa maikirogiram 3 ne, zaiba 6, asenik 10, kiromiyam 50. Jan ƙarfe ne kawai aka yi wa sassauci har miligiram 2. Ido ba ya ganin wannan, harshe ba ya ɗanɗanarsa, tafasa ruwan kuma ba ta kore shi, sai ma ta rage ruwan ta bar ƙarfen ya ƙara yawa a cikin abin da ya saura.

Manyan injinan ɗakin gwaje-gwaje suna auna wannan ba tare da wahala ba. Injin ICP-MS, wanda ke tantance ƙarfe ta nauyin ƙwayoyinsa, yana gangarawa har ƙasa da maikirogiram guda nesa ba kusa ba. Matsalarsa tsada, ga iskar agon da yake sha, ga buƙatar wuta mai tsayawa da ƙwararren da zai zauna a kansa. Dalilin da ya sa ake ta neman ƙaramin abu mai araha ke nan, wanda za a kai bakin rijiya. Ɗaya daga cikin hanyoyin da masu bincike suka fi rububi a kai ita ce ta haɗa haske da lantarki da sinadari, wadda a takardu ake taƙaita sunanta da PEC. Hanya ce mai kyau, haɗa ta ma ba wuya. Wahalar tana wajen yarda da lambar da ta ba ka.

Abin da ke faruwa a kan gilashin

Tushen abin tsoho ne. Tun 1839 Edmond Becquerel na Faransa ya lura cewa in haske ya faɗa kan sandar lantarki da ke tsome cikin ruwan sinadari, wuta kan gudana. A 1972 Fujishima da Honda na Japan suka nuna cewa TiO2, wato taitaniyam dayoksayid, yana raba ruwa da taimakon haske, daga nan fagen ya buɗe.

Ana shafa wani siririn semikondakta, wato abin da ke tsakanin mai ɗaukar wuta da marar ɗauka, a kan gilashi mai ɗaukar wuta. Elektiron ɗin da ke cikinsa suna zaune a bene na ƙasa, akwai kuma bene na sama, tsakaninsu tazara ce da ba a tsayawa a cikinta. In haske mai isasshen ƙarfi ya zo, sai elektiron ya tsallaka sama ya bar gurbinsa. Wannan gurbi yana aiki kamar caji mai alamar tarawa. Daga nan abu biyu ne: ko elektiron ya bi gilashi ya fita ta waya, mita ta ƙirga shi, ko ya koma gurbinsa ƙarfin ya tashi a banza. Duk abin da ya shigo daga ruwa ya sauya rabon waɗannan biyun, to ya sauya yawan wutar da za a karanta. Ayon ɗin ƙarfe, wato ƙwayarsa mai caji da ke narke a ruwa, yana iya yin haka, shi ya sa ake iya auna shi.

Amfanin hanyar shi ne abin da ake turawa daban, abin da ake karantawa daban. Haske ake turawa, lantarki ake karantawa. In an kashe fitila, wutar kan faɗi kusan sifili, don haka ƙaramin canji yana fitowa fili.

Zaɓen fitila lissafi ne mai sauƙi: a raba 1240 da tsawon zangon hasken a nanomita, a samu ƙarfinsa a eV, ma'aunin da ake auna tazarar nan da shi. Fitilar LED shuɗiya mai nanomita 450 tana ba da 2.76. TiO2 irin anatas tazararsa 3.2 ce, don haka shuɗin haske ba ya motsa shi, sai mai nanomita 365 wanda ke ba da 3.4. CdS, wato kadmiyam salfaid, tazararsa 2.4 ce, shuɗin ya ishe shi har da rara. Shi ya sa ake haɗa su biyu: CdS ya sha hasken, ya miƙa wa TiO2 elektiron, TiO2 ya kai shi gilashi kafin ya samu damar komawa. Akwai kuma g-C3N4, wato kabon naitirayid, mai tazarar 2.7, wanda ake samu ta hanyar gasa yuriya ko melamin a digiri 550 na awa biyu zuwa huɗu a cikin kasko mai murfi. Giram 10 na yuriya ba ya ba da ko giram ɗaya, kuma ta ɗakin gwaji ake nufi, don ta buhun taki tana tafe da ƙazantar da za ta ɓata awon.

Haɗa sandar aiki

Za a bi misalin TiO2 da CdS don auna jan ƙarfe, saboda shi ne mafi sauƙi, kuma a kansa ake ganin duk kurakuran da kyau.

Gilashin FTO za a nema, wato gilashi mai siririn shafi mai ɗaukar wuta, a yanka shi santimita 1 da 2.5. Akwai wani irinsa, ITO, amma yana rasa ƙarfin ɗaukar wutarsa in zafi ya haura digiri 300 da wani abu, mu kuwa za mu kai 450. Fuska ɗaya ce kawai ke ɗaukar wuta, kuma da ido ba a cika bambance su ba. A sa mita a kan om a taɓa: fuskar da ta nuna 'yan gomomin om ita ce, ɗayar ba za ta nuna komai ba. Wanda ya shafa a bayan gilashi zai yi kwana biyu yana neman laifin waya. A wanke shi a kwanon wanki mai girgiza da sauti, minti 15 a ruwan sabulu, 15 a asiton, 15 a etanol, 15 a tataccen ruwa. Alamar ya wanku ita ce ɗigon ruwa ya baje a kansa. In ya dunƙule, akwai sauran maiƙo, kuma shafin zai ɓare daga baya.

Garin TiO2 da aka fi amfani da shi shi ne P25, wanda kusan kashi 80 cikin ɗari anatas ne, saura rutayil, ƙwayoyinsa kuma wajen nanomita 21. A zuba rabin giram a ƙaramin turmin ɗakin gwaji, a riƙa ɗiga ruwan asetik asid mai rauni ana niƙawa har ya zama kamar kunu mai kauri marar gudaji, sannan a sa ɗigo guda na Triton X-100 don ya shimfiɗu. A manna salatif a gefunan gilashin a bar taga mai santimita 1 da 1, a ɗora kunun a baki ɗaya, a ja shi da sandar gilashi sau ɗaya tak. Kaurin salatif ɗin shi ke yanke kaurin shafin. A bar shi ya sha iska, a cire salatif, a sa a tanderu a riƙa ƙara zafi a hankali, digiri 2 zuwa 5 a minti, har 450, ya yi minti 30, a bar shi ya huce a ciki. Gaggawar ƙara zafi ko fitar da shi da zafinsa ita ke kawo tsagewa. Shafi mai kauri da yawa shi ma yana tsagewa, kuma elektiron ɗin da aka samar a can samansa ba ya isa gilashi.

Sai ɗora CdS, wanda ake yi da tsome-tsome. Kofi na farko kadmiyam naitiret ne mai ƙarfin mola 0.05, wato giram 1.54 na gishirin mai ƙwayar ruwa huɗu a jikinsa a mililita 100 na etanol. Kofi na biyu sodiyam salfaid mola 0.05, giram 1.20 na mai ruwa tara a mililita 100 na ruwa da metanol rabi da rabi. A tsoma minti ɗaya a na farko, a ɗauraye, minti ɗaya a na biyu, a ɗauraye. Zagaye ɗaya ke nan. Wajen zagaye biyar farin shafin zai koma rawaya. Wutar tana ƙaruwa da zagaye har wani matsayi, sannan ta fara raguwa, domin CdS ya toshe ƙofofin TiO2. Kowa ya gwada 3, 5, 7 da 9 a kan nasa shafin ya zaɓa. Ɗaurayar da ke tsakani ba ta ado ba ce: in aka tsallake ta, CdS zai haɗu a cikin kofi ya zama gari mai sauka a saman gilashi, ya wanke a awon farko.

Abu biyu na tsaro. Sodiyam salfaid in ya haɗu da asid yana fitar da iskar H2S mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma tana kisa, don haka ba a zuba su a mazubin shara ɗaya. Kadmiyam kuwa shi kansa yana cikin gubar da ake farauta, shi ne ya jawo cutar itai-itai a yankin Toyama na Japan. Ruwan tsomen da gilasan da aka gama da su a tara su a jarka mai alama. Zuba su a kwata ya zama an gudu ba a tsira ba.

Daga ƙarshe a rufe gefuna da duk FTO ɗin da ya rage tsirara da gam mai ƙarfi, ko jan farce marar launi in awon na ɗan lokaci ne, a bar tagar nan kawai da wurin maƙala waya. Maƙallin wayar kada ya taɓa ruwa ko kaɗan. Yawancinsu da jan ƙarfe a jikinsu, ga shi jan ƙarfe ake nema.

Awon kansa

Sanduna uku ake tsomawa: gilashin da aka haɗa, wayar filatinam da ke cika da'irar, da sandar ma'auni ta Ag/AgCl. Duka suna haɗe da fotenshiyostat, na'urar da ke riƙe ƙarfin turin wuta a inda aka ce, tana kuma karanta abin da ke gudana. Akwai ƙanana da ake haɗawa da kwamfutar tafi-da-gidanka ko wayar hannu. Ana riƙe turin tsakanin sifili da bolt 0.2. In aka ɗaga shi da yawa, wuta za ta riƙa gudana ko a duhu, an zubar da babban amfanin hanyar ke nan.

Ruwan awon yana buƙatar abin da zai riƙa cike guraben da haske ya buɗe. In babu, guraben za su ci CdS ɗin kansa, su mai da shi ayon ɗin kadmiyam da farar wuta, sai ka ga wuta tana raguwa a kowane kunnawa alhali ba ka sa komai ba. Askobik asid, wato bitamin C, shi ake sawa, mola 0.1, giram 1.76 a mililita 100 na ruwan fosfet. Wannan adadin yana saukar da pH sosai, don haka a mayar da shi wajen 7 da NaOH bayan an narkar. A haɗa sabo kullum, domin iska tana cinye shi. In ya fara yin rawaya ya tashi daga aiki.

A sa komai a cikin akwati mai duhu, a ɗaure fitila da gilashi yadda ba za su motsa ba. Matsar da fitila da 'yan milimita yana sauya wuta fiye da yadda gubar za ta sauya ta. LED ɗin a ba ta wuta mai tsayayyen yawa, a ɗora ta a kan ƙarfen shan zafi, a bar ta ta yi minti goma a kunne kafin a fara, domin haskenta yana raguwa in ta ɗumama. Daga nan ya fi kyau a riƙa tare hasken da marfi maimakon kashe ta. Inda wutar gari ke rawa ko ana kan janareta, batir ya fi. In layin da ke kan allo yana kaɗawa kamar haƙoran zarto, hayaniyar wutar gida ce mai bugu 50 a daƙiƙa. A naɗe akwatin da takardar alminiyam a haɗa ta da waya zuwa ƙasa, a kuma cire cajar kwamfuta.

Ana buɗe haske daƙiƙa 20, a rufe 20, sau biyar ko fiye. Da an buɗe, layin kan yi tsalle sama sannan ya sauko ya daidaita. Tsallen ba a karanta shi. Matsakaicin daƙiƙu biyar na ƙarshe ake ɗauka, a cire abin da aka karanta a duhu. Wannan shi ne I0, wutar gilashin kafin ya taɓa ruwan gwaji.

Ga shawarar da ta fi kowace muhimmanci a wannan aiki: kada a zuba ruwan da ake tuhuma a cikin kofin awo. A ciro gilashin, a ɗauraye, a jiƙa shi a mililita 10 na ruwan gwaji na minti goma daidai, ana juyawa da gudu iri ɗaya kowane karo, a sake ɗauraye shi, a mayar da shi sabon ruwan awo a karanta I. Dalilan suna da yawa. Ruwa mai laka ko launi yana tare haske, wuta ta ragu ba don guba ba. Askobik asid yana sauya jan ƙarfe da zaiba da kiromiyam tun kafin su isa gilashi. Fosfet kuma yana kama dalma ya saukar da ita ƙasa. Raba jiƙo da awo ya kawar da duk waɗannan a tashi ɗaya.

A lokacin jiƙon, jan ƙarfe yana ture kadmiyam daga wurinsa ya kama salfaid, saboda salfaid ɗin jan ƙarfe ya fi na kadmiyam ƙin narkewa nesa. Ɗigon salfaid ɗin jan ƙarfe da suka samu a saman shafin suna zama tarko inda elektiron ke komawa gurbinsa. Wuta ta ragu. Ana lissafa (I0 − I)/I0, a zana shi a kan yawan ƙarfen.

Ruwan ma'auni, wato mai sanannen adadin ƙarfe, ana haɗa shi daga giram 3.929 na shuɗin gishirin jan ƙarfe, CuSO4 mai ruwa biyar, a lita guda da ɗan naitirik asid, wanda ke ba da miligiram 1000 a lita. Na dalma giram 1.598 ne na dalma naitiret. A ɗebi mililita 1 a cika zuwa 100, a sake ɗiban 1 daga wannan a cika zuwa 100, an samu maikirogiram 100 a lita. Masu raunin nan a ranar ake haɗa su, don ƙarfen yana manne wa bangon kwalba ya ɓace daga ruwan. Kuma tun da musayar da ta faru a kan CdS ba ta komawa, kowane gilashi sau ɗaya yake aiki. Ruwan ma'auni mai ƙarfi shida daban-daban, kowane sau uku, gilashi 18 ne, ga goma na ruwa marar komai da za a fitar da iyakar ganowa da su, wato ninki uku na warwatsuwar sakamakonsu a raba da gangaren layin. Wanda gilasansa suka bambanta da juna da fiye da kashi 10 cikin ɗari, ya koma kan shafi da tsome tukuna, bai kai ga maganar guba ba.

Inda gizo ke saƙa

Na'urar nan ba ta san sunan ƙarfe ba. Abin da ta sani kawai wuta ta ragu. Lambar narkewar CdS tana wajen 10 mai ƙarfin −27, ta salfaid ɗin jan ƙarfe wajen −36, ta azurfa wajen −50, ta zaiba ta wuce −50. Lambar tana ƙara ƙanƙanta, ƙin narkewa yana ƙaruwa, ma'ana azurfa da zaiba sun fi jan ƙarfe iya ture kadmiyam. Dalma kuwa lambarta kusan ɗaya da ta kadmiyam, don haka turinta rauni gare shi. Gilashin da ya fi sauƙin haɗawa yana jin jan ƙarfe, wanda ya fi sauƙin haɗari, ya kuma yi nauyin kunne ga dalma, wadda ta fi damun mu. Takardu da yawa suna nuna zanen da ke cewa na'urarsu ba ta kula sodiyam, kalsiyam da magniziyam ba. Wannan ba abin yabo ba ne, dama ba a sa ran za ta kula su. A duba ko an gwada zaiba da azurfa da ƙarfen da ke sa ruwan burtsatse ja, kuma a gauraye da wanda ake nema, ba ɗaya bayan ɗaya ba.

Don a sa ta bambance, ana ɗaura mata abin da ke kama ƙarfe ɗaya. Zaiba tana shiga tsakanin taimin biyu na zaren DNA (taimin ɗaya ne daga tubalan da suka gina zaren) ta haɗa su, don haka zare mai yawan taimin yana naɗewa in ya same ta, nisan abin da aka rataya a bakinsa da gilashi ya sauya, wuta ta sauya. Dalma ana kama ta da zaren DNA mai aikin yanka. Irinsa na farko Breaker da Joyce ne suka samar a 1994, kuma da dalma yake aiki. Sanannu biyu su ne 8-17 da GR-5. In dalma ta zo, zaren ya yanke abokinsa a wuri guda, guntun da ke ɗauke da alamar ya tafi. 8-17 yana amsa wa zinki ma, ko da yake da rauni, GR-5 ya fi shi tsantseni. Akwai kuma zare mai yawan guwanin da ke naɗewa gida huɗu a kan dalma, sai dai fotasiyam ma yana sa shi wannan naɗin. Maikirogiram 10 na dalma a lita daidai yake da nanomola 48, kuma waɗannan hanyoyin suna kaiwa ƙasa da haka a ruwa mai tsabta. Amma DNA yana son sanyi. Gajeren zare yana saki in zafi ya yi yawa, ga ƙwayoyin halitta a ɗanyen ruwa masu fitar da sinadaran da ke yanka shi ba tare da dalma ba, su ba da ƙararrawar ƙarya. Abin da aka gwada a ɗaki mai digiri 25 sai an sake gwada shi kafin a fita da shi Gusau ko Maraɗi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40.

Kiromiyam nasa salon daban ne. Mai caji shida, wanda shi ne mai haɗarin, mayunwacin elektiron ne: yana karɓar uku ya koma mai caji uku. A kan gilashin da ke tura elektiron waje, yana sace su wuta ta ragu. Sai dai masana'antun fata irin na Challawa da Sharaɗa a Kano da gishirin kiromiyam mai caji uku suke jima. Na'urar da ke jin mai shida kawai za ta iya nuna ɗan kaɗan a ruwan da ke maƙare da kiromiyam. Ga mai shidan ma, tsohuwar hanyar difenilkabazaid, wadda ke mai da ruwan shunayya a auna a nanomita 540, ta fi sauƙi kuma an daɗe da amincewa da ita. Ban ga dalilin barin ta ba.

Sai babbar matsala, wadda ta shafi ruwan kansa. Gilashin yana jin ayon da ke narke ne, sake, ba a ɗaure ba. Ruwan kududdufi da na fadama cike yake da ruɓaɓɓen ganye mai kama ƙarfe ya riƙe. Gishiri yana naɗe zaiba da kilorayid. Wani kason kuma yana manne da ƙwayoyin laka. Duk waɗannan suna shiga cikin mai sha, asid ɗin ciki ya sake su, amma na'ura ba ta gan su ba. Abin da ya faru a Zamfara ya isa misali. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, daga baya aka ga girman abin a Bagega. Yara aƙalla 400 suka rasu. Dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma babbar hanyar shigarta jiki ƙura ce da ƙasar tsakar gida da yara ke kaiwa baki. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A irin wannan wuri, dalmar da ke faɗawa rijiya marar murfi ko tafkin wankin dutse yawancinta gari ce. In aka tace ruwan aka auna, za a iya samun lamba mai kwantar da hankali alhali gubar tana kan matatar da aka jefar.

Saboda haka ɗibar ruwa rabin aikin ce. Kwalbar roba ake jiƙawa kwana guda a naitirik asid mai kashi 10 cikin ɗari, a ɗauraye da tataccen ruwa. A ɗebi kwalba biyu. Ta farko a tace ta nan take da matata mai ƙofar maikiromita 0.45, a sa asid har pH ya sauka ƙasa da 2, ita ce ta narkakken ƙarfe. Ta biyu ba a tacewa, ana sa mata asid a dafa ta da shi a ɗakin gwaji, ita ce ta jimla. Na kiromiyam mai shida ba a sa masa asid, domin zai juye zuwa mai uku, a sanyaya shi a auna cikin awa 24. Kafin jiƙa gilashi dole a ɗaga pH ɗin ruwan zuwa wajen 5 da ruwan asitet. Ƙasa da haka asid zai ci CdS ya kuma lalata DNA. Sama da 6 ko 7, dalma da jan ƙarfe za su fara sauka ƙasa.

Hanyar kama ƙarya ita ce a raba ruwan gida biyu, a ƙara wa ɗaya sanannen adadi, a ce maikirogiram 10 a lita, a auna duka. In abin da ya dawo yana tsakanin kashi 90 da 110 cikin ɗari na abin da aka ƙara, da dama-dama. In 40 ya dawo, ruwan yana ɓoye ƙarfe, kuma lambar farko ma ba abin dogaro ba ce. A nan akwai kuskuren da ake yawan yi. Dabarar ƙara ma'auni sau uku a ja layi baya har ya yanki gindin zane tana aiki ne in amsar na'ura miƙaƙƙiya ce da yawan ƙarfen. Yawancin na'urorin PEC kuwa da logaridim ɗin yawan suke tafiya, kuma logaridim ba shi da sifili da za a koma. Sai dai a tsaya a ɗan gajeren zangon da layin ya miƙe, ko a haɗa ruwan ma'auni a cikin ruwa mai kama da na wurin.

Iskar oksijin da ke cikin ruwan awo ita ma tana karɓar elektiron, don haka ko a kore ta da naitirojin kowane karo, ko a bar ta kowane karo, kada a cakuɗa. Sandar Ag/AgCl tana ɗigar kilorayid a hankali, wani dalilin ke nan na hana ta haɗuwa da ruwan gwaji in zaiba ko azurfa ake nema. In kuma bakinta ya bushe ko kumfa ta tsaya a ciki, turin da na'ura ke cewa ta riƙe ba shi ne a kan gilashi ba.

Wanda ke da rijiya a gabansa yau yana son sanin ko akwai dalma, hanyar da ta riga ta nuna ita ce wadda ake tara ƙarfen a kan sanda da lantarki sannan a kankare shi ana karantawa, wato ASV. Kowane ƙarfe yana fita a nasa turin, dalma daban, kadmiyam daban, jan ƙarfe daban, don haka tana faɗin suna. Da wannan dabarar na'urar LeadCare II ke auna dalma a jini, wadda aka yi aiki da ita a Zamfara, inda jinin yara da yawa ya zarce maikirogiram 65 a desilita, iyakar abin da take iya karantawa. PEC har yanzu yawancinta a ɗakunan bincike take. Inda take da fa'ida a yanzu shi ne tantancewar farko, a ware rijiyoyi ashirin a ga waɗanda za a fara kai ruwansu babban inji, da kuma aikin ɗaliban digiri na biyu da na uku, tun da gilashi, LED da ƙaramin fotenshiyostat ba su fi ƙarfin sashen kimiyyar sinadarai ba. Ko a nan ɗin, a riƙa aika ɗaya cikin kowane samfuri goma zuwa ICP-MS ko injin AAS, mai auna ƙarfe ta hasken da yake sha, irin mai tanderun girafait, har da waɗanda gilashin ya ce lafiyarsu ƙalau. AAS mai harshen wuta bai dace da wannan tabbatarwar ba, domin iyakar ganinsa ga dalma tana kusa da maikirogiram 10 ɗin da ake son a rarrabe, ko sama da shi.